Girkawan Iskandariyya da Hartum: Yadda Fatake Suka Gina Jama'a a Baƙuwar Ƙasa

Jawabin da aka gabatar a zauren taro ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya



Shugaban taro, iyayenmu dattawan ƙungiya, shugabannin rassa, alhazai da hajiyoyi, yayyenmu da ƙannenmu, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Mun san akwai waɗanda suka kwana biyu a mota kafin su iso. Akwai kuma waɗanda suka baro kaya a bakin iyaka ba a gama musu takarda ba, suka ce duk da haka sai an yi da su. Allah ya bar zumunci.

Kwamitin biki ya nemi mu yi magana a kan zaman ɗan kasuwa a ƙasar da ba tasa ba. Da muka zauna shawara sai muka ga in labarin kanmu za mu bayar, babu wanda zai ji sabon abu, don dattawan da ke zaune a sahun gaba sun fi mu saninsa. Saboda haka muka ɗauko labarin wasu fatake da ba mu haɗa harshe ko addini da su ba, amma mun daɗe muna haɗuwa a kasuwa. Su ne Girkawa, mutanen ƙasar Girka da tsibiranta, waɗanda fatauci ya watsa a Masar da Sudan da sauran sassan Afirka. Ku ba mu aron hankalinku na ɗan lokaci.

Bari mu fara daga inda wasunmu suka taka da ƙafarsu. Wanda ya taɓa bin hanyar gabas ta ƙasa, ya tashi daga Anjamena ya bi ta Abashe, ya shiga Sudan ta Al-Junaina, ya wuce Al-Ubayyid, to kafin ya haye Farin Nilu sai ya sauka a Kosti. Da yawanmu mun kwana a garin ba mu taɓa tambayar inda ya samo sunansa ba. Sunan wani ɗan kasuwa ne ɗan Girka, Konstantinos Murikis. Ya shigo Sudan bayan sojan Ingila da na Masar sun ci Omdurman a 1898, ya kafa kanti a bakin kogi daidai inda ayari ke ƙetarewa. Cikin masu sayen kayansa har da alhazan ƙafa daga ƙasashenmu, waɗanda kan shafe shekaru a hanyar Makka, suna yada zango suna ƙodago suna ƙara gaba. Wato kakanninmu sun yi ciniki da shi.

A namu gefen kuwa, wa bai san PZ ba? Harafin Z ɗin nan sunan George Zochonis ne, ɗan Girka da ya haɗa jari da wani ɗan Birtaniya mai suna George Paterson a Saliyo, kamfanin nasu ya iso Nijeriya a 1899. Wa bai san kantin Leventis ba? Wanda ya kafa shi, Anastasios Leventis, daga Girkawan tsibirin Saifurus ya fito, kuma a Gana ya fara kafa kamfaninsa, lokacin iyayenmu na kiranta Gwalkwas.

Waɗannan sunayen mutane ne ɗaiɗai da Allah ya ba arziki. Mu abin da muke so mu duba yau shi ne abin da Girkawa suka gina tare, da kuɗin taro, wanda ba ya cikin gadon kowa. Dalilinmu kuwa, da iska ta juya, shi ne ya fi kantunan daɗewa a tsaye.

Tushen abin yana Iskandariyya. Muhammadu Ali Basha, wanda ya hau mulkin Masar a 1805, ya buɗe ƙofa ga baƙin 'yan kasuwa. Shi kansa Bashan haifaffen Kabala ne, garin da yau yake cikin ƙasar Girka, kuma tun a can ya san wani ɗan kasuwa mai suna Mihail Tositsas. Tositsas ya biyo shi Masar, ya yi arziki, ya zama ƙaramin jakadan Girka na farko a Iskandariyya. A 1843 shi da sauran manyan 'yan kasuwarsu suka kafa abin da a harshensu suke kira kinotita, wato jama'a, shi ne kuma shugabanta na farko. Abin da suka sa a gaba tun farko shi ne riƙe makaranta da asibiti. Babbar cocinsu daga baya ta biyo.

Me ya sa makaranta da asibiti? Attajiri zai iya ɗauko wa ɗansa malami har gida, ya kira likita har bakin gado. Yaron kanti da mai gasa burodi da ma'aikacin jirgin ruwa ba za su iya ba. Manyan sun gane cewa in ɗan ƙaramin ma'aikaci ya tashi bai iya karatu da lissafi ba, gobe babu wanda zai riƙe musu littafin ciniki. In kuma ɗan ƙasarsu ya faɗi ciwo a titi aka rasa mai ɗaukarsa, mutuncin dukkansu ne ya zube a idon 'yan gari. Akwai tausayi a cikin abin, akwai kuma lissafi, kuma ba su ji kunyar haɗa su ba.

Yanzu ga yadda suke tafiyar da ita. Kinotita tana da rubutacciyar doka. Wanda ya biya kuɗin shekara shi ne ɗan ƙungiya mai ƙuri'a. Ana zaɓen kwamiti mai wa'adi, da shugaba da ma'aji da magatakarda, ana kuma karanta lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban babban taro. Kuɗi ta hanya huɗu yake shigowa. Akwai kuɗin shekara na 'yan ƙungiya. Akwai gudummawar da ake tarawa in wata buƙata ta taso. Akwai wasiyya. Sannan akwai haya, kuma a nan muke so 'yan'uwa su tsaya da kyau. Attajiri zai bar wa jama'a gida ko fili ko jerin shaguna, a sa su haya, kuɗin hayar ya riƙa biyan albashin malamai da kuɗin magani. Ko shekara ta zo da faɗuwar farashin auduga, aljihun kowa ya bushe, makaranta ba ta rufe. Mu ma mun san irin wannan, shi ne waƙafi. Bambancin kawai, su sun rubuta shi da sunan jama'a a gaban hukumar ƙasar, ba da sunan shugaban wannan lokacin ba.

Bayan Tositsas, wanda ya fi shahara cikin shugabanninsu shi ne Georgios Averof, mutumin Metsobo, wani gari a kan duwatsu, garin su Tositsas ɗin. Ya gina wa jama'a makarantar sakandare da ke ɗauke da sunansa. Shi ne kuma ya biya kuɗin sake gina tsohon filin wasa na birnin Atina da aka yi gasar Olamfik ta farko ta wannan zamani a cikinsa a 1896. Ku duba, kuɗin da aka samo a baƙunta ne ya koma ya yi wa gida aiki. Gidan Benakis, manyan dillalan auduga, suka gina gidan marayu. Gidan Kotsikas suka gina asibiti. Gidan Antoniadis suka tsaya wa gidan tsofaffi. Girkawa suna da kalma guda ga irin waɗannan mutane, everyetis, wato mai kyautata wa jama'a. A wurinsu girman attajiri ba ya cika sai an ga sunansa a ƙofar makaranta ko asibiti.

Wani zai ce ai neman suna ne. Akwai neman suna mana, ɗan Adam ne. Amma jama'ar ta san yadda za ta karkata gasar attajirai ta koma amfanin maraya. In kana son suna, ga inda ake samunsa. Da zarar ka bayar kuwa, ginin ya fita daga hannunka da na 'ya'yanka, ya shiga littafin jama'a. Za a rubuta sunanka a bango, amma mabuɗi yana hannun kwamiti.

Abu biyu kuma suka ƙara. A 1901 suka kafa majalisar 'yan kasuwarsu daban a Iskandariyya, don maganar ciniki da farashi da hulɗa da hukuma ta sami wurinta, kada ta cakuɗe da asusun marayu. Sannan matansu suna da nasu ƙungiyoyin taimako. Hajiyoyinmu za su fi kowa gane amfanin wannan. Namiji a kasuwa zai sa riga mai kyau ya ce lafiya lau, alhali kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Macen da ta shiga har ɗaki ita ke ganin gaskiya. Su ne suke sanin gidan da ake buƙatar abinci, da yarinyar da aure ya zo babu mai yi mata kayan ɗaki, su kai taimako ba tare da an tona asirin kowa ba. Da irin wannan tsari jama'ar ta bunƙasa, har ƙidayar 1927 ta nuna masu takardar Girka a Masar sun haura 76,000.

Daga Masar abin ya bi kogin Nilu ya haura Sudan. Wani Angelos Kapatos, mutumin tsibirin Kefaloniya, ya yi ƙarfi a Sawakin da kwangilar kai wa sojan Ingila kayan abinci, daga baya ya dawo Hartum. A 1902 Girkawan Hartum suka kafa tasu kinotita. Ɗan'uwan Kapatos, Gerasimos Kontomihalos, wanda shi ma daga Kefaloniya ya zo ya fara aiki a ƙarƙashinsa, ya zama babban attajirinsu kuma jagoransu na shekaru masu yawa, makarantar sakandarensu ma sunansa take ɗauke da shi. Suka gina coci a tsakiyar birni, da makarantar firamare, da kulob na wasanni. Girkawa suka bazu a Fot Sudan da Atbara da Wad Madani da Gadarif da Al-Ubayyid, har Juba da Wau a kudu. Suna sayen ƙaro da riɗi da auduga da fatu, suna da kantunan kayan masarufi da gidajen burodi da masana'antun lemo. Waɗanda suka zauna a Sudan cikinmu sun sha Pasgianos, lemon kwalbar nan da 'yan Hartum ke ji da shi. Sunan ɗan Girkan da ya kafa masana'antar ne.

Ta yaya mutum daga ƙaramin tsibiri yake tsintar kansa da kanti a Gadarif? Hanyar ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya kafu sai ya aika gida a turo masa ɗan yayarsa ko ɗan maƙwabci, yaro ɗan shekara goma sha. Yaron zai yi shara, ya ɗauki buhu, ya kwana a bayan kanta, ya koyi Larabcin kasuwa da awo da rubuta bashi. In ya yi shekaru an ga amanarsa, sai maigida ya ba shi kaya bashi ya ce ya je gari na gaba ya buɗe nasa. Shi ma in ya tsaya da ƙafarsa sai ya aika gida. Haka muke yi da yaran gida a zango. Abin da kinotita ta ƙara a kai shi ne, yaron ba ya rataye a wuyan maigida shi kaɗai. In maigida ya karye, ko ya rasu, ko suka saɓa, akwai ofishin da zai je a san da shi, a nema masa wani aiki, in ciwo ne a kai shi asibiti, in abin ya gagara a haɗa masa kuɗin jirgi ya koma gida da mutuncinsa. In ajali ya same shi, akwai maƙabartarsu, akwai masu rubuta wa uwarsa takarda.

Kada kuma mu raina kulob ɗin nan da coci. Su ne suka sa ake ganin juna kowane mako. Ranar 25 ga Maris, ranar tunawa da yaƙin 'yancin ƙasarsu, 'yan makaranta kan sa tufafin gargajiya, iyaye su taru. A irin wannan zama ake jin wane ya kwana biyu bai fito ba, wane kayansa sun nutse a teku, wance mijinta ya rasu. Matsala tana ƙarama ake jin ta. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, su kuwa sai suka gina wa ƙafar wurin zuwa. Lokacin da Sudan ta sami 'yancin kai a 1956, Girkawan ƙasar sun kai dubu shida zuwa bakwai.

To, jama'a, in muka tsaya a nan mun ba ku rabin labari, kuma ɗan kasuwa ba ya son lissafin da aka ɓoye shafin asara. Girkawan nan sun yi kurakurai, kuma sun biya.

Na farko, sun shigo da rigimar gida cikin baƙunta. Daga 1915 ƙasar Girka ta rabu biyu tsakanin magoya bayan firayim minista Eleftherios Venizelos da na Sarki Konstantinos. Rigimar ta ƙetare teku ta shiga jama'o'insu na waje. Mutanen da ke zaune a Masar, waɗanda abincinsu da makomar 'ya'yansu ke Masar, suka riƙa gaba da juna a kan wanda zai yi mulki a Atina. Ba sai mun faɗa muku yadda zaɓen gida kan raba sahu a zango ba.

Na biyu, sun jingina da bangon da ba nasu ba. A Masar Turawa baƙi suna da gata na musamman, ba a yi musu shari'a kamar ɗan ƙasa, harajinsu ma daban. A Sudan manyan kwangilolinsu daga hannun gwamnatin Turawa suke fitowa. Wannan ya sa suka yi saurin arziki, ya kuma sa ɗan ƙasa yana kallonsu a sahun masu mulkinsa. A 1937 aka yi yarjejeniyar Montreux aka soke gatan nan a Masar. A 1947 aka yi dokar kamfanoni da ta ce kashi 75 cikin ɗari na ma'aikatan ofis su zama Misirawa. Nan take dubban akawu da magatakarda Girkawa suka ga kujerarsu tana rawa.

Na uku shi ne ya fi ba mu tausayi, don a makarantar da suke alfahari da ita ya faru. Sun koya wa 'ya'yansu harshen Girka da tarihinta, sun koya musu Faransanci da Ingilishi, amma sun yi sakaci da rubutaccen Larabci. Yaro haifaffen Iskandariyya, jikan haifaffen Iskandariyya, yana Larabcin titi kamar ɗan gari, amma ba ya iya rubuta wa hukuma takarda. Da harkar ofis da kotu ta koma Larabci, sai ya zama baƙo a garin da aka binne kakansa. Shugabanninsu sun farga sun ƙara darasin Larabci, amma lokacin matasa sun riga sun fara neman fasfo.

Na huɗu, sun ƙuntata ƙofar shiga. A Sudan, musamman a kudu da ƙananan garuruwa, Girkawa da dama sun auri 'yan ƙasa sun haihu da su. Ba kullum jama'ar ta karɓi waɗannan 'ya'ya hannu biyu ba. Alhali su ne suka fi kowa tushe a ƙasar, su ne kuma da yawansu suka rage bayan sauran sun tafi.

Duk da haka, akwai ranar da suka tsaya da masu masaukinsu, kuma ba a manta musu ba. A 1956 Gamal Abdul Nasir ya ƙwace mashigin ruwan Suwez daga hannun kamfanin Ingila da Faransa. Kamfanin ya janye matuƙan da ke ratsar da jirage ta mashigin, da nufin a ga Masar ta kasa. Matuƙa Girkawa suka ƙi tafiya, suka tsaya tare da Misirawa, jirage suka ci gaba da wucewa. Bayan yaƙin da ya biyo baya an kori 'yan Ingila da 'yan Faransa, ba a kori Girkawa ba. Sai dai wannan bai kare dukiyarsu ba lokacin da gwamnati ta mayar da manyan masana'antu da kamfanoni hannunta a 1961. Daga nan aka yi ta tafiya, wasu Girka, wasu Ostireliya, wasu Kanada, wasu Afirka ta Kudu.

Sudan ma haka. Ja'afar Numairi ya karɓi mulki a 1969, a 1970 ya ƙwace bankuna da manyan kamfanoni, na Girkawa na cikin waɗanda abin ya shafa. A 1983 aka hana sayar da giya a ƙasar, waɗanda sana'arsu ke nan cikinsu suka rufe. Jama'ar da ta kai dubbai ta yi ta raguwa, har aka zo shekarun baya-bayan nan ba su kai ɗari biyu ba.

A nan ne za ku ga dalilin da ya sa muka ce abin taro ya fi kanti daɗewa. Kamfanin da mutum ya shekara hamsin yana ginawa, sanarwa guda a rediyo ta raba shi da shi. Amma kinotita ta Iskandariyya tana nan har yau, shekara fiye da 180 da kafa ta, da makarantarta da gidan tsofaffinta, ko da yake mutanenta 'yan kaɗan ne. Gine-ginen da aka bar mata su ke riƙe da ita. Ta Hartum ma ta ci gaba da riƙe cocinta da makarantarta da kulob ɗinta shekara hamsin bayan ƙwacen 1970. Waɗanda suka koma Atina kuwa ba su watse ba, sun kafa ƙungiyoyin Girkawan Masar da na Sudan a can, don sun riga sun saba da zama a inuwa guda. A 2018 shugabannin Masar da Girka da Saifurus sun taru a Iskandariyya don karrama tsofaffin mazaunan nan da zuriyarsu.

Bari mu rufe labarin da gida guda. A 1952 wani mutumin Kefaloniya, Panagiotis Pagulatos, ya buɗe ɗan masauki a tsakiyar Hartum ya sa masa suna Acropole. Da ya rasu a 1967 matarsa da 'ya'yansa maza uku suka ci gaba da riƙe shi. Lokacin da 'yan'uwansu ke haɗa kaya, su suka zauna. Otal ɗin ba shi da wani ƙawa. Abin da ya ɗaukaka shi, masu shi sun san Sudan ciki da waje, sun san ofishin da ake samun kowace takarda, sun san direban da za a amince wa. Ɗan jarida ko mai binciken kayan tarihi ko ma'aikacin agaji in ya sauka a Hartum, can yake nufa. Lokacin yunwar 1984 da 1985 ƙungiyoyin agaji da yawa daga nan suka riƙa gudanar da aikinsu. Mu da muka san aikin maigida a zango, mai saukar da baƙo ya tsaya masa a gaban hukuma da kasuwa, mun san wannan sana'a. A 1988 'yan bindiga suka kai wa otal ɗin harin bam, aka rasa rayuka. Iyalin suka sake buɗewa, suka ci gaba.

Sai ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, jajibirin babban idinsu na Ista, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF. Wasu Girkawa suna cikin cocin nan da kakanninsu suka gina da kuɗin taro, suka maƙale a ciki kwanaki tare da babban limaminsu, shi ne yake sanar da duniya halin da suke ciki ta waya. Daga baya aka kwashe su, wasu ta Jibuti, wasu ta Masar. Acropole ya rufe bayan shekara 71. Wannan yaƙin bai bar namu ba. Akwai Hausawa masu yawa a Sudan, daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Kasala da unguwannin Hartum, akwai kuma waɗanda ke cikin zauren nan da har yanzu suke jiran labarin danginsu. Allah ya kawo musu sauƙi, ya kawo ƙarshen fitinar.

Iyayenmu da 'yan'uwa, ba mu kawo wannan labari don mu ce Girkawa sun fi mu ba. Tun kafin Tositsas ya ga Iskandariyya kakanninmu suke da zango a hanyar Gwanja, da sarkin zango da limami da masu masauki. Ba kuma mu kawo shi don mu tsorata kowa ba. Dattawanmu sun ga Nuwamban 1969 a Gana, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, aka sayar da gida a kuɗin akuya. Sun ga 1983, lokacin da Nijeriya ta yi wa baƙinta irin haka. Mun san yadda dare ɗaya kan canza wa baƙo lissafi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Saboda haka muna roƙon shugabannin rassa, kafin kowa ya hau mota gobe, ku zauna da mutanenku ku amsa wa kanku waɗannan tambayoyi. Reshenku yana da wani abu da ya mallaka da sunan jama'a, ko ɗaki guda ne, wanda hayarsa za ta shigo ko kasuwa ta mutu? In akwai, sunan wa ke kan takardar, kuma a ina take ajiye? Yaushe rabon da a karanta lissafin asusu a gaban kowa? Yaron da maigidansa ya karye a garinku, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? 'Ya'yanmu da aka haifa a can, suna iya rubuta wa hukumar ƙasar takarda da harshen da take aiki da shi, Faransanci ne ko Ingilishi ko Larabci? 'Ya'yan da muka haifa da 'yan ƙasa, sunansu na cikin littafinmu? Sannan wane alheri 'yan garin da muke zaune za su tuna mu da shi, in wata rana aka tashi maganar baƙi? Wanda ya sami amsa ya kawo wa magatakarda a rubuce, a buga a fitowa ta gaba, sauran rassa su gani su ƙaru.

 Inda muka yi kuskure a gyara mana, wanda muka taka a yafe mana. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare hanya, ya mai da kowa gida lafiya.

Shugaban taro, ga abin magana.